Ƙoƙon Ɗa Guda

Da farkon daminar bana sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban sashenmu na jami'a ya aiko mini da saƙo ta waya. Suna haɗa mujallar shekara, in ji shi, suna son labarin duk wanda ya karanci ilimin abinci da lafiyar jama'a: ina yake, me yake yi, da hoto guda mai kyau. Wata a cikinmu ta buɗe wurin haɗa garin kunun yara a Yamai, wani yana ƙaro karatu a ƙasar waje. Ni kuwa ina wani ƙaramin asibiti a karkarar Ɗan Kassari. Kowace Alhamis ina auna damtsen yara da zaren awo mai launi uku: tsanwa lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa tamowa ce mai tsanani. A lokacin akwai wata yarinya, Habsu, ƴar shekara ɗaya da rabi, wadda zaren ya tsaya mata can cikin ja. Ba ni da wani buri a daminar nan da ya wuce in ga ta fita daga jan nan da ranta. Lamarinta ne ya mai da ni gindin murhun kakata, wurin da na ɗauka na baro tuntuni.

Kaka Hajo, uwar babanmu, tana zaune ne a wani ƙauye kusa da Matankari, kuma can ake kai mu in an rufe lakwal, wato makarantar boko. Mu uku ne: yayata Mariyama, ni, sai autanmu Idi. Hutun yakan faɗo daidai lokacin da hatsi ya yi shar a gona amma rumbu ya yi fayau. A irin watannin nan Kaka kan tsinko anza, ƴaƴan wani itacen daji masu ɗaci, ta jiƙa ta kwana da kwanaki tana sauya mata ruwa don ɗacin ya fita. Da an idar da magariba sai ta ɗora tukunyar, ta tura ɗanyen ganye cikin wuta don hayaƙi ya kori sauro, mu kuma mu kewaye ta, idanu na hawaye, ba mai matsawa. Har yau in na ji warin ɗanyen hayaƙi sai yawuna ya yi ɗaci.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke farawa. Sai ta ƙwanƙwasa muciya a bakin tukunya sau biyu, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi." Ni ba na yawan magana. Nakan zauna can gefe da ɗan kayena, wato littafin rubutu, da guntun fensir, ina rubuta sunayen mutanen tatsuniya don kada in manta. Wannan ne ya sa ba ta raga mini.

"Ku dubi maigidana," takan ce. "Ko goro bai taɓa sayo mini ba, sai rubutu awa mai karɓar haraji."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta macen nan mai ɗiya uku. Wata shekara aka yi yunwa, har ɓeraye suka bar gari. Macen ta fita daji neman anza, ta yi nisa, ta zauna gindin wani gawo tana kuka ba sauti. Sai ga doguwa, aljanar daji, tsaye a kanta, fara, dogon wuya, ƙafafunta ba su taɓa ƙasa. Ta tambaye ta abin da ya same ta. Macen ta ce autanta ne, ya daina ko kuka. Doguwa ta miƙo mata wani ɗan ƙoƙo cike da fura, ta ce kullum safiya za ta tarar da shi a cike, kuma wanda ya sha zai tashi. Amma na ɗa guda ne. Ran da baki biyu suka taɓa shi, ƙarfinsa ya tafi, sai dai farin ruwa.

Rana ta farko macen ta aiki manyan biyu itace, ta ba auta. Rana ta biyu ta ɓuya bayan rumbu. Auta ya buɗe ido, ya fara kama yatsanta. Rana ta uku tana cikin ba shi, sai ta ji motsi. Na tsakiya ne. Bai yi kuka ba, bai roƙa ba. Ya dai tsuguna yana kallon maƙogwaron ƙanensa yana hawa yana sauka. A nan Kaka takan gyara itace, ta bar mu da ƙarar tukunya. Sa'an nan ta ce macen ta miƙa masa ƙoƙon. Da babbar ta zo, ita ma ta miƙa mata. Daga ranar ƙoƙon bai fasa cika ba, amma farin ruwa ne, su uku suna sha.

"Sai mi ya samu autan?" Idi ne ke tambaya, don shi ne auta.

"Baƙuwa ta gaji," in ji Kaka. "Ta kaɗe zanenta, ta kama hanya."

Mariyama ta ce ai doguwar nan muguwa ce, me ya hana ta ba da babbar ƙwarya? Kaka ta ce, "Abin da ke hannunta ke nan, ɗiyata." Ni kuma ranar na yi ƙarfin hali na buɗe baki. Na ce macen ce ta yi wauta. Da ta bi maganar da aka gaya mata, da ɗaya ya tsira tabbas, manyan kuma suna da sauran ƙarfi, za su iya jira. Na yi lissafin a kayena ma, na nuna. Kaka ta yi dariya har da tari.

"Kai, malamin lakwal ya gama da mijin ga nawa! To maigida, kai ne na tsakiya a gidanku. In kai ne ka tsuguna nan, in juya maka baya?"

Na rufe kayena. Amma a raina ban sauya ra'ayi ba, kuma da wannan ra'ayin na girma, na tafi jami'a, na fito. Kaka ta rasu ina shekara ta biyu a can.

Uwar Habsu sunanta Zali. Mijinta ya tafi ci-rani kudu tun bayan girbin bara, ruwa ya sauka bai dawo ba, gona ta zama a wuyanta. Ran da ta fara kawo yarinyar na ba ta ƙullin nan na gyaɗa da madara da mata ke kira biskit, na mako guda, a ƙirge. Na gaya mata abin da aka koya mana mu faɗa: wannan magani ne, ba abinci ba ne, na Habsu ne ita kaɗai. Na ce ta riƙa dawo mini da ledojin in ta ƙare. Ta ce, "To, Likita." Ni ba likita ba ne, amma na gaji da gyara musu.

Mako biyu na farko abin ya yi kyau. Sikeli ya motsa, Habsu ta fara bin mutane da ido, har ta fizge mini bik ɗin da nake rubutu da shi daga aljihu. Zali tana kawo ledojin a wanke, a ninke, ɗaure da zare, ba ko ɗaya da ya ɓace. Na ji daɗin da ban saba ji ba. Na roƙi izninta, ungozomarmu ta ɗauke mu hoto, Habsu a hannuna tana riƙe da bik ɗin. A yammacin nan na aika wa sakatare, da ɗan rubutu da na gyara sau huɗu. Na rubuta cewa in uwa ta fahimci bayani, tamowa ba ta da wuyar magani.

Mako na uku sikeli ya tsaya. Na huɗu ya ja baya. Ledoji kuwa suna dawowa cif. Na duba rajistana, na sake auna ta, na gwada sikelin da jarkar ruwa ko shi ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Sai na ari babur na tafi gidan da hantsi ba tare da na aika ba.

Na tarar da su gindin rumbu. Zali ta matse biskit ɗin cikin ƙwaryar kunu mai ruwa-ruwa, ta dama. Yara uku sun kewaye ta: babbar, Rabi, mai kamar shekara bakwai, da Sani mai shekara huɗu, da Habsu a cinya. Ludayi ɗaya ke zagayawa. Da ta gan ni ba ta ɓoye ƙwaryar ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa har ƙarshe, ta tambayi gajiya da mutanen asibiti.

"Uwar Habsu," na ce, idona a ƙasa, "ai mun yi magana."

"Mun yi, Likita. Mako biyu ina shiga ɗaki da ita awa ɓarauniya, in sa ƙyaure. Ran nan na fito na iske wanga," ta nuna Sani da haɓa, "ya tono ledar inda na ɓoye, ya farke ta yana lasa. Kuma kai ma ɗan ƙasar ga ne, ka sani. Abincin da aka ci yunwa tana kallo ba ya kama jiki. Gidanmu ba a taɓa ware ɗa da ƙwarya ba."

Na ce wannan magana ce kawai ta mutane, ba haka jiki yake aiki ba. Na ce in aka raba uku ba wanda zai ishe shi, Habsu kuma ba ta da sauran abin da za ta rame da shi. Na ce magani ne.

"To ga shi nan," in ji ta. "Gaya mishi."

Sani yana kallona, da farin kunu a leɓensa. Sai na ciro zaren awo na naɗa a damtsensa, ko Allah zai sa in samu hanyar rubuta shi. Ya tsaya a ruwan ɗorawa, kusa da ja amma bai taɓa ba. Kwalayen biskit da ake aiko mana na masu ja ne, su ma ba kullum suke isa ba.

"Bai kai ba?" ta tambaya.

"Bai kai ba."

Na rubuta mata takardar babban asibiti a Dutsi, inda za a kwantar da Habsu tare da ita. Ta karɓa da hannu biyu, ta tambayi kwana nawa. Na ce zai iya kai mako biyu ko fiye. Ta dubi wajen gona. Ta ce ana tsakiyar maimai, noma na biyu, in ta tafi ciyawa za ta cinye hatsin, baɗi kuma su duka ne za su zo layina. Kuma wa za ta bar wa waɗannan biyun? Ta ce in yi mata haƙuri ta gama noman, kwana goma ne. Na koma sau biyu a cikin kwanakin, da ɗan garin wake da na saya a kasuwa. Shi ma cikin ƙwaryar ya shiga.

Ba a kai kwana goman ba. Zawo da zazzaɓi suka kama Habsu, maƙwabci ya ɗauko su a amalanken jaki, kafin su iso ta cika. Ni na buɗe zanen. Na rufe shafinta a rajista da hannuna, na ja layi da rula yadda nake yi wa kowane shafi.

Bayan mako guda mujallar ta fito, aka turo ta cikin zauren ƙungiyarmu na waya. Ga ni a shafi na uku, ga Habsu da bik. Saƙonni suka yi ta shigowa. "Barka da aiki, promo, ɗan ajinmu!" "Shiru-shirun ajinmu ashe kai ke babban aiki." Wani malaminmu ya ce zai karanta wa sababbin ɗalibai rubutuna. Na fara rubuta musu gaskiyar abin sau uku ina gogewa. Daga ƙarshe na ce na gode.

Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar Kaka gargaɗi ce ga mai karya sharaɗi. Da na shiga gidan Zali na ɗauka ta uwa ce, wadda ba ta iya juya wa ɗanta baya. Yanzu wadda nake yawan tunani ita ce doguwar. Kaka ba ta taɓa cewa muguwa ce ba, ba ta kuma ce ta yi ƙarya ba. Sharaɗinta gaskiya ne, lissafina na gindin murhu ma daidai ne, har yau ban ga kuskure a ciki ba. Abin da ban tambaya ba shi ne ko ta san yadda za a ƙare tun lokacin da take miƙa ƙoƙon. Ina jin ta sani. Ina jin ta sha miƙa shi ga mata da yawa a gindin gawon nan, tana faɗin magana ɗaya, don ba ta da wani abin a hannu, kuma ba za ta iya wucewa ta bar mace tana kuka ba.

Alhamis ɗin da ta wuce na hango Zali a layi, da yaro goye a baya wanda ƙafafunsa suka yi tsawon goyo. Sani ne. Na naɗa zaren, na ja shi a hankali, na duba sau biyu.

"Yanzu ya kai?"

"Ya kai."

Na ƙirgo biskit na mako guda na zuba mata a gefen zane. Na ce magani ne, ba abinci ba ne, na Sani ne shi kaɗai. Ta ce, "To, Likita." Rabi tana tsaye a bayanta riƙe da bakin zanen. Ba ta miƙo hannu ba. Ledojin kawai take kallo.