Jar Dawar Goggo

Goggona, yayar mahaifina, a Rara take zaune. Tana da wata jar dawa mai gajeren kara da ke nuna kafin ta kowa, wadda ta gada wurin uwarta. Shekarar da na fara digiri na biyu a fannin noma na roƙe ta iri, ta zuba mini tiya guda ba ta tambaye ni abin da zan yi da shi ba.

Aikina shi ne in sa wa dawa halin jure tsutsar da ke huda kara. Ana shuka ta, in ta fara ido tana ɗanya sai a ciro ɗan tsiron da ke cikin kowace ƙwaya da tsinin wuƙa. A jiƙa shi a ruwan wasu ƙwayoyin bakteriya da ke cusa masa sabon halin, a jera a faranti mai murfi kan wani abinci mai kama da daskararren koko. Daga baya a sa maganin da ke kashe duk tsiron da bai karɓi halin ba. Na Goggo ba sa ma jiran maganin. Kwana kaɗan sai su fitar da jan ruwa, su yi baƙi, su mutu. Sau huɗu ina gwadawa.

A damina ta biyu kogi ya cika, ya ci gonarta, ya rushe rumbunta. Ta sa aka kira ni a waya, ta ce in akwai saura in kawo mata ko cikin tafin hannu ne, don duk Rara ita kaɗai ta riƙe irin. Akwai saura, kusan cikin gwangwanin madara, a firij ɗin ɗakin gwaji. Na ce mata ya ƙare. Ina da sabuwar dabara da nake son gwadawa, ga lokacin karatuna ya kusa cika. Na shuka shi duka, na yanke zangarnun tun suna ɗanyu, ban bar ko ɗaya ta nuna ba. 'Yan tsiron da na ciro su ma suka yi baƙi.

Da na je gida da sallah ina ba ƙannena labarin aikin a tsakar gida, sai bakina ya suɓuce na ambaci gwaji na biyar da watan da na yi shi. Goggo na gefe tana ɓarar wake. Ta ɗago kai.

"To mi kas samu?" ta ce.

Na ce dawar ce ba ta da kyau, kuma ko na mayar mata ba wani amfani za ta yi ba, irin zamani ya fi ta. A gaban yara na faɗa, har da 'yar dariya.

"Tuwonta kac ci har ka girma," ta ce, ta kwashe wakenta ta shiga ɗaki.

Ta sa aka sayo mata iri a kasuwar Goronyo, ya yi dogon kara, ruwa ya ɗauke kafin ya cika ido. Daga nan ta bar wa ɗanta gonar ya sa albasa. Ni kuwa na koma kan wata farar dawa na gama karatuna. A kundina layi ɗaya jar dawar ta samu, cewa ba ta dace da wannan aiki ba. Har Goggo ta rasu tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake tambayata aikina ba.