Hannun Baba Hamani

Ina wanke hannu a ɗakin haihuwa da safen nan, waya ta yi ƙara. Wai Baba Hamani makanike ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen unguwar Talladje sun san garejinsa, can ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro. Shekara tara shi ke duba mini mota. Bai taɓa zama a kujerar motata ba sai ya shimfiɗa kwali, wai kada baƙin mai ya ɓata mini farar riga. Ran da mota ta mace mini a hanyar Tondibia, cikin ruwan sama ya zo a kan babur.

"Madam likita" yake ce mini, da Hausarsa ta Zabarmawa. Na gaji da gaya masa ni ungozoma ce.

Larabar da ta wuce na kai masa motar ya canja mai, don zan tafi suna Maradi. Ya shiga ƙarƙashi, sai na ji ya yi tsaki. Bushon ɗin, wato ƙusar da ake kwancewa tsohon mai ya zuba, kansa ya cinye ya zama kamar kwabo. Wani ne ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya a wani wuri da na taɓa tsayawa.

Ya sa kile, wato sifana, ta zame. Ya ɗauko guduma da ƙarfe mai kaifi, yana bugun gefensa a hankali.

Sai gudumar ta faɗi. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa.

Daga nan shiru. Ƙafafunsa kawai nake gani, ba motsi. Na ce, "Baba?" Na durƙusa na leƙa, na gan shi yana kallon hannunsa na dama kamar na wani.

"Hannun nan ya yi barci, Madam," ya ce. Maganar ta fito da nauyi, bakinsa ya ɗan karkace.

Na san wannan alama, ta shanyewar ɓarin jiki ce. Aikina ne in san ta. Abin awon jini yana cikin jakata.

Na ce, "Fito in auna ka."

"Bari in gama da wannan tukuna."

Da hannun hagu ya ƙarasa. Ya liƙa wa bushon ɗin wani noti da wuta, ya jira ya huce, ya murɗa, mai ya zubo baƙi ƙirin. Ya fito yana dariya, bakin ya koma daidai.

"Kin gani? Ba komai. In kin dawo ki auna ni har sau goma. Rana tana yi, kama hanya."

Na duba agogo. Na kama hanya.

'Yarsa da ta kira ni ta ce jiya ya faɗi yana alwalar la'asar, bai sake magana ba. Ni kuwa shekaranjiya na dawo, har na wuce ta gaban garejin, na ce awon sai gobe.

Ban san yadda zan dubi iyalinsa ba, amma zan je.

Allah Ya gafarta maka, Baba Hamani, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Ni ma Ya yafe mini.

Don Allah, duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.