Faifan Ikko da Muryar Tsakar Gida

Waɗanda ke tsakar gidanmu na Ƙofar Rini ran nan su ne ni, da maigida, da yayarshi, da maƙwabta mata huɗu, sai ɗana na fari da abokan kiɗanshi uku.

Zamanin soja ne, arzikin mai ya ɗebe wa yara hankali. Yaron ya bar rumfar yadin ubanshi ya yi shekara biyu a Ikko. Ya dawo da suma kamar kwando, da faifan da sunka yi na kiɗan jita irin na Turawa. So yake a sallame shi ya koma ke nan. Maigida ya ce ni zan yanke.

Kwana uku ina sauraren faifan a garmahon maƙwabta. Murya sumul, ganga ba ta tuntuɓe ko sau ɗaya. Ni kuwa shekara ashirin ina matsar ƙuli, na san man da anka tace. Na ce su zo su yi a gabanmu bayan la'asar.

Sunka jona wayoyin jitocinsu da na'urar ƙara sauti, sunka fara. Mai ganga ya tsere ya bar sauran. Tsirkiya ɗaya ta tsinke. Da yaron ya ɗaga murya sai ta fashe kamar ta ɗan zakara.

Gwaggonshi ta ce, "Ɗana, na cikin faifan rasuwa yay yi?"

Mata sunka kwashe da dariya.

Ya ce, "Gwaggo, can sau ashirin ake yi, a yanki mai kyau a haɗa."

"Ashe ɗinki kat tahi koyo."

Ba na yi wa ɗan fari magana kai tsaye, sai na dubi gwaggon. "Yaya, ki hwaɗa mai, makaɗin bikinmu sau guda yake yi, kuma ba shi da waya."

Wata maƙwabciya ta jefa mai ƙuli ɗaya a matsayin kari, kyautar makaɗi.

Bai tashi ba. Ya kashe na'urar, ya yi waƙar ƙarshe shi kaɗai, a hankali, yana kallon ƙafafuna. Wannan ta fi ta faifan nesa ba kusa ba. Ya ɗago yana jira. Na ce wa gwaggon magariba ta kusa, a kwashe tarkacen nan.

Da safe na ɗora faifan bisa kwanon ɗaki inda nake shanya kuɓewa, gefen da rana ta fi bugu. Makullin rumfa kuma na aje shi kusa da ƙoƙon kunun yaron.