Ci Uku a Ruwan Bago

A shekarun da nake koyarwa a firamaren garinmu, can ƙasar Tudun Kaya, ƙwallo ba ta da wuri da damina. Kowa yana gona. Filin makaranta kuwa ciyawa takan kai gwiwa, ba mai shiga sai awaki. Sai an cire gyaɗa, an yanke dawa an kai rumbu, sannan samari suke tunawa suna da ƙungiya. A fito da lauje da fartanya a share filin, a sake kafa turakun gola, a ɗaura igiya a sama, a ja layi da toka. Daga nan hira ta koma kan gasar samari da ake yi tsakanin garuruwan ƙasar Karaye duk rani.

Ni ban taɓa iya bugawa ba. Amma Allah ya ba ni baki, kuma da yake ina da ɗan boko, sai aka naɗa ni sakataren ƙungiya. Ni ke rubuta wasiƙa, ni ke riƙe jerin sunayen 'yan wasa, ni ne kuma na fi kowa surutu a majalisarmu.

Majalisar tana ƙofar shagon wani dattijon tela, a kan benci biyu da tabarma ɗaya. Baba muke ce masa. Ya yi shekaru yana ɗinki a birnin Kano kafin ya dawo gida, kuma a can ya ga manyan wasanni da idonsa, abin da mu sai dai mu ji a rediyo. Shi ya ɗinka lambobin da ke bayan rigunan 'yan wasanmu. Ba shi da yawan magana. Mu yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi, shi yana ta taka kekensa.

Abin alfaharinmu a wancan lokaci shi ne mai tsaron gidanmu. Abokina ne tun muna makarantar allo, tabarma ɗaya muka zauna a gaban malam ɗaya. Dogo ne, tafin hannunsa kamar faifai. Sunansa ya ɓace a garin, kowa Gola yake ce masa. Da yake shi ne ɗan fari a gidansu, mahaifiyarsa ba ta kama sunansa, sai ita ma ta samu sauƙi, in za ta aika a kira shi sai ta ce, “Ku kira min Golan nan.” Shekara biyar yana tsare mana gida. Ko 'yan gabanmu sun kwana da yunwa, mun san da wuya a ci mu fiye da ɗaya.

Da kakar shekarar da nake ba da labari ya yi aure. Ni ne babban abokin ango. Bai fi wata guda da tarewar amarya ba muka ga ya kamata mu gwada ƙafar yaranmu kafin gasa. Na rubuta wasiƙa zuwa ga samarin Ruwan Bago, a ɓangaren Rogo, na ba wani mai sayen gyaɗa ya kai ranar kasuwa. Bayan mako guda amsa ta zo, sun ce mu zo ranar Lahadi, wasan sada zumunta.

Da hantsi muka tashi a akori-kurar wani mai hatsi, 'yan wasa da 'yan kallo a cakuɗe, wasu kuma tun da sassafe suka yi gaba a kan keke. Baba tela ya zauna gaba kusa da direba. Mutanen Ruwan Bago suka tarbe mu da ƙwarya biyu ta fura da damin rake. Muka yi la'asar tare a masallacinsu, sannan aka nufi fili. Malamin motsa jikin makarantarsu ne alƙalin wasa.

Ba cin wasan ne ya kai mu ba, kallon ƙafa muka je yi, don haka tun daga busa usur kowa ya buɗe bakinsa.

“Lamba tara ya yi nauyi. Dubi yadda yake juyawa kamar amalanke.”

“Noma ne bai sake shi ba. Ba shi mako biyu.”

“To wannan sabon lamba bakwai ɗin fa? Gudu kam akwai, amma ƙwallon yake bari a baya!”

Muna cikin haka, wani ɗan tsakiyarsu ya samu ƙwallo kusa da layin raba fili, ya ɗaga ta sama ba da wani ƙarfi ba. Ƙwallo ce da ko ni zan iya tarewa. Gola yana tsaye bai motsa ba, sai da ta zo daf da kafaɗarsa ya zabura ya kai hannu, amma ta riga ta wuce. 'Yan Ruwan Bago suka ɓarke da sowa, mu kuwa muka dubi juna.

“Tsautsayi ne,” in ji wani. Muka yarda.

Ba a jima ba ɗan gabansu ya yanke 'yan bayanmu biyu, ya zo daga shi sai Gola. Gola ya faɗa ƙafarsa ya ɗauke ƙwallon kamar shaho ya sure ɗan tsako. Kafin hutu kuma aka ba su fanareti, ya tashi sama ya doke ta waje. Muka ce ai ga shi nan, mutuminmu ya farka.

Bayan hutu lamba tara ya rama mana da ka. Daga nan abin ya lalace. Aka ba su bugun tazara daga nesa sosai, ƙwallo ta bi ta dama, Gola ya yi hagu. Ana saura kaɗan a tashi, wani ɗan bayansu da kawai yake so ya kawar da ita daga gidansu ya narka ta gaba, ta faɗi ƙasa sau ɗaya ta tsallake kan Gola ta shige. Uku da ɗaya aka tashi.

Muka yi magariba a can muka hau mota. A hanya aka baje kolin hukunci. Aka yafe wa lamba tara, aka ce lamba bakwai a ajiye shi sai baɗi, 'yan baya kuma a ƙara musu gudun safe. Da aka zo kan Gola sai kowa ya yi shiru, don yana zaune a ƙarshen motar a kan wani buhu, ya juya mana baya. Ni ne na kasa riƙe bakina.

“Ku daina wahalar da kanku,” na ce. “Ba 'yan Ruwan Bago ne suka ci mu ba. Amarya ce ta cinye mana gola. Tuwo da man shanu safe da yamma, ina zai ga ƙwallo?”

Motar ta kwashe da dariya, har direba ya leƙo yana tambayar me aka ce. Gola ya waiwayo ya yi ɗan murmushi. Ni kuwa na ji daɗin kaina, na ga na yi magana.

Kafin kwana biyu maganar ta zaga gari. A teburin mai shayi ita ake yi, a bakin rijiya ita ake yi, ta shiga har cikin gidaje. Wasu suka fara cewa da gaske a nemi wani golan tun kafin gasa. Gola ya daina zuwa majalisa.

Ranar Laraba da safe, kafin in wuce makaranta, na tsaya gaida Baba tela. Bayan mun gaisa ya tsayar da kekensa ya ce in zauna.

“Malam, kai da kake sakatare, ƙwallo nawa yaron nan ya tare ranar Lahadi?”

“Ban ƙirga ba, Baba. Uku dai sun shiga.”

“Waɗanda suka shiga, daga ina aka bugo su?”

Na yi tunani. “Daga nesa.”

“Duka ukun?”

“Duka.”

“Waɗanda aka buga masa a gabansa fa, har da fanareti?”

“Duk ya tare su,” na ce.

“Mutumin da tuwo ya yi wa nauyi, ta kusa ce take wuce shi,” in ji Baba. “Ni ba ƙwallon nake kallo ba ranar, fuskarsa nake kallo. Yana ta ƙanƙance ido. In an buga daga nesa, sai ya dubi inda 'yan bayansa suka juya sannan ya bi. In ka tashi daga makaranta ka zo min da shi.”

Da ƙyar na shawo kansa ya biyo ni bayan azahar. Baba bai yi masa zancen wasa ba. Ya ba shi wuri a benci, ya tambaye shi mutanen gida, ya tambaye shi yadda gyaɗarsa ta yi. Can sai ya nuna hanyar da ta fito daga gonaki.

“Gola, idona ya tsufa. Wane ne wancan yake tahowa?”

Gola ya ƙanƙance ido. “Wani ne a kan jaki, Baba.”

“Wa?”

“Kamar baƙo ne. Ko cikin masu sayen harawa.”

Ni ina ganin mutumin sarai, har da jan rawaninsa da kowa ya sani a garin. Mahaifin Gola ne, ya ɗauro harawa daga gona. Jakin ya matso kusa da shagon. Da Gola ya gane shi sai ya sunkuyar da kai, ya tashi ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa ya wuce bai san me ake ciki ba.

“Tun yaushe?” in ji Baba.

“Ya fi shekara biyu yana ƙaruwa a hankali,” in ji Gola. “Bara ma da dabara na gama gasa. Na ɗauka gajiya ce, zai wuce. Bana in mutum yana tsakiyar fili, rigarsa kawai nake gani. Ƙwallon kuwa sai ta zo kusa take fitowa.”

“Me ya hana ka faɗa min?” na ce.

Ya dube ni. “Kai? Da yamma ta yi ai duk gari ya ji.”

Gaskiya ya faɗa.

A ranar na je gidansa na yi sallama a zaure, na ce ina son gaisawa da amarya. Ta zo ta tsaya daga bayan ƙofa. Tsakanin amarya da abokin ango akwai wasa, amma muryarta ba ta wasa ba ce.

“Malam, ashe ni ce na ci ku uku? Ko fita ban yi ba, amma har gidanmu an kai wa innata labari.”

Na ba ta haƙuri, na gaya mata abin da Baba ya gano. Sannan ta ce lokacin da yake zuwa zance, in tana tsaye cikin ƙawayenta, sai ya zo daf da su yake gane ta. Ita duk ta ɗauka kunya ce. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗin ni zan raka shi asibiti da ƙafata.

Ranar Asabar muka tafi Kano, wani asibitin ido. Da yake bai yi boko ba, ba haruffa aka nuna masa ba, wata alama ce mai ƙafa uku, ana tambayarsa ina ƙafafun suka duba. Layi biyu na sama kawai ya iya. Likitan ya ce ba makanta ba ce, ido ne da ba ya hangen nesa, tabarau zai gyara. Bayan mako biyu muka koma muka karɓo shi, mai kauri, ƙarfensa baƙi. A motar dawowa yana ta leƙen taga. Sai da muka kusa Karaye ya taɓo ni ya nuna min wata tsamiya can cikin gona.

“Malam, dubi, har ganyenta ɗaya-ɗaya. Da haka kuke gani kullum?”

Ya gwada tsaron gida da tabarau. Baba ya ɗinka masa wata roba da ke riƙe shi ta ƙeya. Kwana uku yana kama duk abin da aka jefo masa daga nesa, muka fara murna. A rana ta huɗu ya fita ɗaukar ƙwallon da aka bugo daga kwana, gwiwar hannun wani ta same shi a fuska, ƙarfen tabarau ya lanƙwashe ya yanke shi a karan hanci. Ya cire ya duba, gilashin bai fashe ba. Ya ce in ya fashe a idonsa fa, da me zai yi noma? Ba wanda ya ce masa ya koma. Ya cire rigarsa mai lamba ɗaya ya miƙa wa wani ɗan ƙanen babansa da ke tsaron gida in ana atisaye.

Gasar shekarar ba mu yi nisa ba. Mun fitar da wata ƙungiya daga Kurugu a zagayen farko, a na biyu aka yi waje da mu. Gola yakan tsaya a bayan turaku yana gaya wa sabon golan inda zai tsaya da lokacin da zai fita, kuma cikin shekara biyu yaron ya zama abin tsoro. A majalisa kuwa wurinsa ya koma kusa da keken Baba. Ni ban daina surutu ba, amma in an tashi wasa nakan jira su biyun su yi magana tukuna.

Daga baya aka yi min canjin wurin aiki, na bar garin. Baba tela ya rasu ina can, sai ta'aziyya na zo. Rabin filin yanzu azuzuwa ne.

Da kakar bara na je gida, na tarar da Gola a gonarsa ta bayan gari shi da 'ya'yansa biyu suna tsige gyaɗa. Gemunsa ya yi fari fat. Muka zauna a inuwar ɗorawa muna ambaton waɗanda suka rage cikin 'yan wasanmu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, muka yi musu addu'a. Ya ce lamba tara yana nan a Rogo yana sayar da taki, ƙafa ce kawai take damunsa, ya kamata mu je mu duba shi. Muka sa ranar Juma'a, shi zai ɗauke ni a mashin ɗinsa.