Yadda Malam Badaru Ya Rabu da Kujerarsa

Malam Badaru na Batsari ya kama aiki a wani ƙaramin ofishin gona shekara biyu bayan samun mulkin kai, da takardar gama aji huɗu da ƙafafu biyu masu ƙwari. Ƙafafun aka fi bukata. Aikinsa shi ne ya zaga ƙauyuka ya shawo kan manoma su riƙa zuba takin zamani, wanda su a lokacin suke yi wa kallon gishirin da ba ya shiga miya.

Daga birni aka aiko masa da manyan takardun talla, masu hoton wani mutum cikin farar riga fes yana murmushi a tsakiyar gona. Mutanen ƙauyen Karare suka karɓa da godiya. Takarda ce mai kauri, ta yi kyau wajen toshe taga da naɗe tsire.

Da Badaru ya ga haka sai ya samo zangarniyar gero biyu. Ƙosasshiyar ya raɗa mata suna Daudu, ramammiyar kuma Mani. Ranar kasuwa sai ya hau kan kifaffen turmi, ya ɗaga su, ya haɗa su faɗa da murya biyu.

"Mani, ci taki ka yi jiki!"

"Kakana bai ci ba, kuma ya mutu da mutuncinsa."

"Ya mutu da mutunci, rumbu wayam."

"To ai rumbu wayam ya fi sauƙin shara."

Kafin kaka ta zagayo, mata na maimaita faɗan wajen sussuka, mahauta na kiran kowace ramammiyar akuya Mani. Ranar da ya fara zuwa Safana ya tarar Mani ya riga shi isa, har an ƙara masa maganganun da shi Badarun bai taɓa ji ba. Kowa Mani yake so, amma kowa ya nemi takin Daudu, don ba wanda zai yarda a bi ta gefen gonarsa a ce ga ta Mani.

Shekara goma sha biyu yana wannan yawo. Sai arzikin mai ya zo, aka tuna da shi, aka ƙara masa girma. Aka ba shi tebur, da kujera mai hannuwa, da ƙararrawa, da babur, da masinja, wani dattijo mai suna Uwaisu. Daudu da Mani kuwa aka naɗe muryarsu a kaset, aka sa a mota mai lasifika tana zagawa da su.

Badaru ya zauna. Da ya ajiye tumbi aka yi masa barka. Da wuyansa ya haɗe da kafaɗa aka ce aiki ya karɓe shi. A shekara ta huɗu takalminsa ya daina shiga, numfashi kuma ya fara yi masa gardama tsakanin ofis da masallaci, sai ya je wurin Armaya'u malamin asibiti, wanda suka yi aji ɗaya.

Armaya'u ya danna masa ƙwauri da babban yatsa, ya ɗaga. Ramin ya tsaya yadda yake.

"Ka ga wannan? Ko ka tashi ka riƙa tafiya kullum, ko kafin damina biyu a riƙa ɗaukar ka a kai ka sallar Juma'a."

"To ba ni magani mana."

"Ga ƙwayoyi nan. Amma babban maganin ƙafafunka ne, a kansu ka shigo, mai tumbi."

Badaru ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Washegari ya miƙe zai ɗauko fayil da kansa. Akawu uku suka miƙe tsaye, suka ƙi zama sai da ya zauna. Uwaisu ya rugo yana ɗingishi, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wane laifi na yi?"

A ofishin nan ana gane babba ne da rashin motsinsa. Mai tafiya ɗan aike ne, mai tsayuwa roƙo ya zo yi. Ran nan Badaru ya bar babur ya tafi gida a ƙasa. Mutum uku suka tsaya za su ɗauke shi, ya ce a'a, sai suka dube shi da tausayi. Bayan la'asar zaurensa ya cika da masu jaje. Matarsa Tasalla ta kira shi ciki.

"Malam, in an kore ka ne ka faɗa mini da bakinka, kada in ji a bakin rijiya."

Ya rubuta takarda yana roƙon a mayar da shi tsohon aikinsa. Bayan wata uku amsa ta zo, cewa an duba, babu fom ɗin neman ragin girma, domin ba a taɓa samun mai nema ba.

Wata safiya wasiƙa ta taso da za a kai Karare. Badaru ya leƙa baranda ya ga Uwaisu yana murza gwiwa.

"Baba Uwaisu, shekara nawa kana tafiya?"

"Talatin da ɗoriya, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa zama a kujerar can?"

"Allah ya kiyaye!"

"Zo ka zauna. In wani ya zo, ka saurare shi har ya gama, ka ce za a duba."

Uwaisu ya zauna a bakin-bakin kujerar kamar mai jiran ta cije shi. Badaru ya rataya jakar wasiƙu, ya biya kasuwa ya zaɓi zangarniya biyu, ya kama hanya.

Haka aikin ya koma. Da safe ya sa hannu a abin da ke bukatar sa hannu, sauran yini yana kan hanya, kusa a ƙasa, nesa a keke. Girman ya tafi da sauri fiye da tumbin. Aka daina durƙusa masa. Mahaucin da ke aiko masa da hanta ya koma aika wa Uwaisu. Tasalla ta yi wata guda ba ta je suna ba.

A ƙauyen Babban Duhu wani makiyayi, Yero, ya tare shi yana dariya.

"Baban Mani, ashe kana nan! Motarku ta zo ta yi ta surutu. Muka tambayi Mani ya iyali, bai ko amsa ba."

Badaru ya zaro ramammiyar zangarniya daga jaka.

"Iyali suna nan, Yero. Sun rame, amma da mutuncinsu."

Damina biyun suka zo suka wuce, da ƙafarsa yake zuwa Juma'a. Armaya'u ya sake danna ƙwaurin, bai sami rami ba, ya ce saura tumbin.

Ranar da Badaru ya yi ritaya, a takarda yana nan babban ma'aikaci. Abokan aiki suka yi shawara kan abin da ya dace da matsayinsa, suka ba shi kujerar. Uwaisu ya riga ya bar aiki, don haka ba mai kuka da rashinta. Aka kawo mota za a kai masa, ya ce a bari. Ya ɗora ta a ka, ya ratsa kasuwar Batsari da ita a ƙasa har gida. Tasalla ta daɗe tana jera kwanoni a kan kujerar.