Ranar da Yatsana Ya Goge Sunayen Matan Ruwan Bago

Akwai wata ranar Laraba da ba zan manta da ita ba muddin ina raye. 'Yata ta biyu, wadda ke aikin haɗa manhajar waya a Kano, ta zo gida Ƙaraye da kwamfutarta. Duk sanda na leƙa sai in ga allon baƙi wuluk, ƙananan rubutu na ta gudu. Na ce, "Wai ke naki abin ba shi da hoto ne?"

Ta ce, "Inna, hoto ɓata lokaci ne. A nan umarni nake rubutawa, kwamfuta ta yi kawai. Ni ba abin da na tsana kamar waya ta riƙa tambayata wai na tabbata, sai ka ce yarinya."

A lokacin tana haɗa manhajar da za a rubuta sunayen mata masu noman gyaɗa a Ruwan Bago, don a raba musu iri. Washegari za ta nuna wa waɗanda suka ba ta aikin, kuma in bai yi musu ba, wani za su ba. Ta miƙo mini waya ta ce in gwada, ta shiga ɗaki sallar la'asar.

To ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, kuma malamarmu da yatsa ta koya mana bin layi. Na ɗora yatsa a kan suna na farko, ina haɗa baƙi ina jansa a hankali. Kafin in kai ƙarshe sunan ya ɓace. Na ce wataƙila haka abin yake. Ashe ita ta tsara cewa in aka ja suna gefe, an goge shi ke nan. Kafin ta sallame na cinye mata bakwai.

"Inna! Me kike yi?"

"Karatu nake."

Ta kalli hannuna, ta ce in sake ta gani. Na sake, ta takwas ta bi sahu. Yarinyar nan ta zauna daɓas a tabarma tana dariya har da hawaye. Da ta nutsu ta tambaye ni ko matan can ma haka suke karatu. Na ce duk wadda ta shiga aji irin namu haka za ta yi.

Ta koma kan baƙin allonta, ta buga layi biyu, sunayen suka dawo. Kafin magariba ta cire gogewar nan ta ja, ta sa maɓalli babba da tambayar "Kin tabbata?" Na ce, "Ba ke ce kika tsane ta ba?"

"Har gobe na tsane ta, Inna. Amma ba ni zan riƙe wayar ba."

Washegari suka karɓi aikin. Da can kunyar karatuna nake ji, in da mutane har ɓoye hannu nake. Ranar na gane cewa duk wanda zai yi wa jama'a abu, ya fara miƙa wa mai yi a hankali irina, ya tsaya ya kalla.