Cibiyata Tana Ƙarƙashin Ruwan Kainji

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina Hajiya mai kifi ta Yelwa ta shige, ga ni. Ban mutu ba, tsoro da kunya ne suka rufe mini baki.

Na daɗe da daina al'ada. Wata safiya sai ga ɗigon jini a zanena. Babu ciwo, babu zazzaɓi.

Ina goye aka tashe mu daga ƙauyenmu saboda dam. Ruwa ya cinye gidanmu, har da tsamiyar da aka binne cibiyata a gindinta. Yayata Hussai ce ke tuna wurin. Da na faɗa mata zancen jinin, ta daɗe tana kallon tafki.

"Cibiyakki ta ka kiranki," in ji ta. "Inna ma haka ta hwara, da ɗigo guda."

Inna ba ta ga damina ta gaba ba.

Daga ranar na daina sauka bakin ruwa sarin kifi. In aka kashe injin jirgi, sai in ji kamar ana daka a ƙasan tafkin. Na raba kayana a zuci, na yi shiru ina jira.

'Yata Maryam ce ta ga zanen a wanki. Ba ta roƙe ni ba, mota kawai ta samo zuwa babban asibiti.

Likitar mace ce, amma duk da haka na runtse ido. Ta shafa wani ruwa mai warin tsami a cikin gabana, ta ce in dubi allon na'urarta. Da farko ban ga komai ba. Can sai wani farin tabo ya fito a hankali, kamar yadda tsofaffin katangu ke leƙowa in ruwa ya ja baya.

Suka ɗan gutsiri wurin suka kai gwaji. Jiran sakamako ya fi komai wuya.

"Hajiya, ba kansa ba ce tukuna," in ji likita. "Fatar bangon farji ce ta fara sauyawa. In an bar ta, tana iya zama kansa."

Na ce, "Wato ba kirana ake ba?"

"Kiranki ake, amma mu ake so ki zo wa."

Aka yi mini allura aka yanke tabon. Na sha raɗaɗi, fitsari ma sai da addu'a. Har yanzu ina komawa ana dubawa, kuma gwajin baya-bayan nan ya fito lafiya.

Alhamdulillahi. Maryam, Allah Ya yi miki albarka. Likitata, Allah Ya saka.

Mata 'yan uwana, jini bayan an daina al'ada ba abin ɓoyewa ba ne. Ko ba jini ma, ku je a duba, don likita ta ce sau da yawa abin ba ya nuna alama.

Jiya na koma bakin ruwa tare da Hussai. Muka tsaya muna sauraro, ba daka, ba komai. Sai ta ce a hankali, "Da mun kai Inna."

Gobe ita zan raka asibiti.